Talla a Ƙarƙashin Sanarwar Rasuwa

Ramlat tana gyara layin ƙarshe na wasiƙar sai Yaya Jabiru ya turo ƙofar shagon da kafaɗa, ya dire kwali kusa da injin fotokwafi. Nan take ƙamshin daddawa ya cika ɗakin.

"Kin saka hotunan kayan?"

"Ban saka ba, Yaya."

Wata biyar ke nan duk Juma'a tana tura wasiƙa ta imel ga 'yan Rano da Kibiya waɗanda neman abinci ya watsa su Legas, Fatakwal, Abuja, har Jidda. Labarin gida ne zalla: wa ya haihu, wa ya aurar, ruwa ya sauka a Nariya ko har yanzu ana kallon sama. Da mutum tara ta fara, yanzu sun haura ɗari huɗu. Shi kuwa Jabiru, tun da ya yi wani kwas na sati biyu a Kano kan kasuwancin intanet, bakinsa bai ƙara hutawa ba. Wai mutanen nan sun nuna, saura tsinka. Shi ya haɗo daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli, ita ta daka yaji har tafinta ya yi kanta, ya kuma yi magana da direban da zai ɗauki kaya zuwa Legas jibi Lahadi. Yau aka tsayar za a fara talla, kuma da yardarta aka tsayar.

To sai da safiyar nan Allah ya yi wa Malam Sharfaddeen na Madachi rasuwa. Rabin masu karɓar wasiƙar a gabansa suka yi karatu, kuma da yawansu ba su ji ba tukuna.

Jabiru ya jawo kujera ya zauna, ya sassauta murya irin ta mai lallashi.

"Ramlat, ki fahimce ni. Sauran makonni, kashi ɗaya cikin uku ne ke buɗe wasiƙar nan. Yau kowa sai ya buɗe. Kowa! Ki sa rasuwar a sama, da addu'a da komai, can ƙasa sai hoton kaya. Wa aka zalunta?"

"Wato mutum yana share hawaye, ya ja yatsa ƙasa, ya ci karo da ƙuli-ƙuli."

"Haba! Ko a zaman makoki ai akwai masu tallan goro."

"A bakin layi, Yaya. Ba a kan tabarma ba."

Ya yi tsaki. "An koya mana, in ka daɗe kana ba mutane abu kyauta, ranar da ka ce su saya sai su ga kamar ka zage su. Wata biyar! Sai yaushe kuma?"

"Bayan addu'ar bakwai. In sun saya, to. In ba su saya ba, to."

"Bayan bakwai motar ta tafi, kuma sai wani watan direban zai dawo. Damina ce fa! Ƙuli-ƙulin nan ya yi sanyi, kukar ta dunƙule, uban wa zai saya?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ci mata rai. Tsoro ma ta ji, don shagon nasa ne, kwamfutar tasa ce, ita ɗin ma albarkacinsa take zama a nan maimakon zaman gida. Amma mutanen nan ba Jabiru suka ba wa adireshinsu ba. Ita suka ba wa, ɗaya bayan ɗaya, wasu ta hannun iyayensu mata, don su ji gida. Ba za ta mayar da gawar Malam allon talla ba, ko da kuwa kayan za su ruɓe a gabanta.

"Wallahi in kika tura babu hotunan nan," in ji shi, "ni da ke a harkar nan an gama."

Ta dube shi, ta dubi kwamfutar. Ta sake karanta layin ƙarshe a fili, a hankali, don ya ji da kunnensa: "Allah ya jiƙan Malam, ya kyautata namu zuwan." Sannan ta danna. Wasiƙar ta tafi.

Jabiru bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Miƙewa ya yi, ya ware ledojin yajin da ke jibge a ƙasa gefe guda da ƙafarsa.

"Ga naki. Ba ni makullin shagon."

Ta kwance shi daga bakin jakarta ta ajiye a kan tebur. Ba ta ba shi haƙuri ba, don ba ta ga na me ba, ta dai tattara ledojin a buhu ta fita.

A bakin titi ta tsayar da adaidaita. Direban ya dubi buhun da take ja.

"Kasuwa, Hajiya?"

"Madachi. Gidan rasuwa."

Ta san yau a gidan tukunya ba za ta sauka daga murhu ba, baƙi za su yi ta ɓarkowa, yaji kuwa ba ya yawa. Sun wuce tasha wayarta ta fara rawa a cinyarta, amsoshi suna shigowa. Ta buɗe na farko, wani Muntari ne daga Fatakwal. Layi ɗaya ya rubuta: yana wurin aiki, ya fita bayan gini ya yi kuka.

Ta kife wayar. Sai a lokacin idonta ya kai kan ledojin: kowace ɗaya Jabiru ya liƙa mata takarda mai sunan kaya da lambar waya, ga rubutu ɓaro-ɓaro, "Yi odarka yau." Ta ciro ta farko, ta sa farce ta fara ɓare takardar.

"Malam, ɗan rage gudu," ta ce wa direban. "Suna da yawa."