Gishirin Ƙarƙashin Tebur

Ibrahima ya taɓa faɗa wa matarsa Hafiza, ba tare da ya ɗaga kai ya dube ta ba, cewa duk faɗin garin Lafiya babu abin da yake tsoro kamar kasuwa. Ajin da yake koyar da Faransanci a wata sakandare mai zaman kanta bai taɓa razana shi ba, duk da surutun yaran. Haka nan gudun 'yan acaɓa da ke ɗauko shi daga Akurba zuwa cikin gari, ya saba da shi har yakan yi tasbihi a bayansu hankali kwance. Amma da zarar ya sa ƙafa a bakin kasuwa, sai ya ji kamar an rubuta masa a goshi cewa daga Damagaram ta ƙasar Nijar ya fito, kuma kowa yana karantawa.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, da Hausa ake ciniki a kasuwar, shi kuwa da ita ya buɗe baki. Alago da Eggon da Tibi kowa yana da yarensa na gida, sai an zo kasuwa a haɗu a kan Hausa mai sauƙi, wadda aka yi wa yaji da Turanci. Tasa ce ta yi musu nauyi. Yana gaisuwa ake gane shi, tun ba a je ko'ina ba matan layin kayan miya suka raɗa masa suna Malam Faransi.

Ranar da zai baro gida, mahaifinsa, wanda ya tsufa a fatauci, ya yi masa nasiha cewa baƙo ba ya yawaita zuwa ƙofa ɗaya, kada a gaji da shi, kuma ba ya fifita wani a kan wani a garin da ba nasu ba. Ibrahima ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Saboda haka ya tsara wa kansa hanya: idan wannan makon ya sayi tattasai da albasa a wurin wannan mata, mako mai zuwa sai ya matsa wurin ta kusa da ita, haka zai yi ta bi har ya kai ƙarshen layi, sannan ya dawo farko. Doya ma haka. A ganinsa wannan shi ne adalci, babu wadda za ta ce Malam ya ƙi ta, babu kuma wadda za ta gaji da ganin fuskarsa.

Da haka ya rayu shi kaɗai, har aka kawo masa Hafiza. Ba ta daɗe da zuwa ba damina ta sauka, irin ta Lafiya wadda ba ta san gajiya ba, ita kuma ta samu juna biyu. Daga nan abinci ya fita ranta. Za ta dafa, ta zuba masa nasa, ta ɗan taɓa nata ta rufe. Miyar, in ji ta, ba ta da rai. A gida da gishirin Balma suke girki, wanda raƙuma ke kawowa daga sahara dunƙule-dunƙule, mai duhun launi da ƙamshin ƙasa. Ɗan guntun da ta ƙullo a cikin kayanta ya ƙare, wannan farin na leda da ake sayarwa a kanti kuwa ɗaci kawai yake bar mata a harshe. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa tafin hannu, malamar asibiti ta yi masa faɗa a gaban mutane kamar shi ne ya hana ta ci.

Wata ranar Juma'a bayan ya dawo daga masallaci ta ce masa, “Malam, motar Kawu Safiyullahi za ta zo ɗaukar doya a ƙarshen wata. Ina so in bi shi.”

Bai ce mata a'a ba, domin ba shi da hujja. Amma ya san abin da tafiyar take nufi. Lokacin zuwa haihuwa gida yana da saura da nisa, kuma mahaifiyarta tun farko ba ta so aka kai 'yarta kudu ba. Idan ta ga Hafiza a wannan hali, ba za ta bari ta dawo ba.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan da ke maƙwabtaka da su, aka aiko musu da tuwo. Ibrahima yana gyaran takardun yara sai ya ji ƙarar cokali a kwano. Ya leƙa, ya ga Hafiza tana suɗe miya. Da ya aika tambaya, sai maƙwabciyar ta ce babu wani sirri, gishirin garin Awe ne, wanda matan can suke dafawa daga ruwan ƙasarsu. Ɗan kaɗan surukarta ta aiko mata, kuma a girkin sunan ya ƙare.

Washegari da hantsi yana kasuwa. Ya bi layin kayan miya yana tambaya, kowa ta girgiza kai ta nuna masa gaba, har aka kai shi teburin Usaina, wata dattijuwa mai ƙarancin magana wadda asalinta 'yar Awe ce.

“Inna, ko ana samun gishirin garinku?”

“Babu, Malam. Damina ce.”

Ya yi godiya ya juya. Bai yi nisa ba wata mata mai goyo ta iso teburin, ko tambaya ba ta yi ba, sai ya ga Usaina ta sunkuya ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin tebur, ta ɗebo wani abu mai launin toka ta ƙunsa a ganye, ta cusa mata cikin jaka. Ibrahima ya tsaya cak a tsakiyar hanya, masu baro suna kauce masa. Abin da yake tsoro tun zuwansa, yau ga shi ya gani da idonsa.

“Malam Faransi! Zo nan. Zo ka zauna kafin baro ya taka ka.”

Doosuur ce, Batibiya mai sayar da doya daura da teburin Usaina, mace mai jiki da babbar murya, wadda Hausarta ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Ta tura masa benci da ƙafa.

“Me ya same ka? Fuskanka ya yi kamar doya da ya kwana a ruwa.”

Ya zauna a gefen bencin, ya daɗe yana zaɓen kalmomi kafin ya ce, “Mama, na nemi abu an ce mini babu, kuma na ga an ba wata. Ban ga laifin kowa ba. Na san ni baƙo ne.”

Doosuur ta tafa hannu ta kwashe da dariya. “Usaina, kin ji? Wai shi baƙo! To ni fa? Babana ya zo daga Binuwai da garma ɗaya a kafaɗa. Ke daga Awe. Wancan mai manja, Allah kaɗai ya san daga inda ya fito. Wa aka haifa a ƙarƙashin teburin nan, Malam?”

Usaina ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu a zani ta matso. “Ba maganar baƙunta ba ce. Malam, kai kwastoman wa ne a layin nan?”

Ya bi layin da kallo daga farko har ƙarshe.

“Ka gani. Gishirin nan da rani ake dafa shi. In ruwa ya sauka, sai abin da aka adana. Ɗan abin da yayata take aiko mini na mutanena ne, masu zuwa wurina ko da tumatir ya yi tsada, ko da na kusa da ni ya fi nawa kyau. In na ba ka yau, gobe ɗaya daga cikinsu ta zo, in ce mata me? In ce na ba wanda zai wuce ni mako mai zuwa kamar bai taɓa ganina ba?”

“Ni ma ya yi mini,” in ji Doosuur, ta dafa ƙirji. “Ka sayi doyana, na zaɓa maka mai kyau da hannuna. Sati na gaba na gan ka a wurin Francisca. Na ce kai, doyana ya lalace ne? Na kai irinsa gida na dafa na ci, na ba mijina ya ci. Lafiya lau! Na ce to wannan Malam, ko dai fuskana ne ba ya so.”

Kunya ta kama Ibrahima har ya cire hularsa ya mayar. A hankali ya bayyana musu nasihar mahaifinsa, da yadda ya tsara zagayensa don kada ya ɓata wa kowa rai. Doosuur ta riƙe baki tana dubansa, dariyar ta tsaya mata a wuya, domin ta ga da gaske yake.

Usaina ta jinjina kai. “Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, maganarsa gaskiya ce. Amma shi bafatake ne, yau yana nan gobe yana can. Nasihar mai wucewa ya ba ka. Kai wucewa kake yi, ko zama?”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Iyalina ce ba ta iya cin abinci. Tun farkon damina. Tana so ta koma gida.”

Matan suka dubi juna, ba su buƙaci ƙarin bayani ba. Usaina ta koma teburinta, ta sunkuya, ta dawo da ƙunshin ganye wanda bai cika tafin hannu ba. Ya kai hannu aljihu, ta dakatar da shi.

“Wannan ba na sayarwa ba ne, kuma ba naka ba ne. Na mai ɗakinka ne. Ka ce ta sa kaɗan, ya fi na kanti ƙarfi.”

Doosuur ta tona ƙasan tarin doyarta ta zaro wata mai busasshen baya. “Tsohon doya ne, na bara. Sabo yana da ruwa, ba zai zauna mata a ciki ba. Kai, ka riƙe da kyau, ba littafi ba ne!”

Da ya isa gida Hafiza ta warware ganyen, ta shinshina, ta lakata da ɗan yatsa ta kai harshe. Nan take ta tashi ta hura wuta. Kafin la'asar ta yi tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, ta ci har ta ƙara. Ibrahima ya buɗe littafi a gabansa kamar yana karatu, alhali ko layi ɗaya bai wuce ba.

“Ba na Balma ba ne,” in ji ta tana wanke hannu, “amma danginsa ne. Za a ƙara samu?”

Sai ya ba ta labarin duka, har da doyar da aka kai gida aka gwada. Rabon da ya ji dariyarta irin wannan tun kafin ruwan farko. Ta kira shi da sunan da ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a gida, wanda take ajiyewa don tsokana.

“Haba Mushe! Ashe raba kanka kake ta yi musu kamar naman layya, kowa ta samu tsoka, babu wadda ta ƙoshi.” Ta share hawayen dariya. “Ka kai ni in gan su. In akwai wadda za ta riƙa ajiye mini abu a ƙarƙashin teburinta, to ba a jeji nake ba. Sai Kawu ya tafi musu da gaisuwa kawai.”

Ranar Asabar suka tafi tare. Bisa tsohon tsarinsa, wannan makon na wata mai kayan miya ne can ƙarshen layi, kuma ga dukkan alamu matan sun daɗe da gane zagayen, domin tun daga nesa ta ɗaga murya: “Malam Faransi, yau ranata ce fa!” Francisca ma ta ɗaga doya tana kaɗa masa. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, bai tsaya ba sai tsakanin teburin Usaina da tarin doyar Doosuur.

Hafiza ta durƙusa ta gai da Usaina, dattijuwar ta kamo hannunta ta zaunar da ita a kan tata kujerar, tana duban awarwaron da ke zamewa. Doosuur kuwa ta riƙe ƙugu tana kallon Ibrahima, ido cikin ido, tana jira.

Ya gyara murya. Bai taɓa ɗaga sauti a kasuwar nan ba, don haka ya yi amfani da muryar da yake tsawata wa aji da ita, har mai manja ya waiwayo.

“Iyayena mata, ku yi mini afuwa, babu wadda ta yi mini laifi a cikinku. Amma daga yau doyata a wurin Mama Doosuur take, kayan miyarmu kuma a wurin Inna Usaina, da rani da damina. Mu ba masu wucewa ba ne. A garin nan za mu zauna, kuma in Allah ya kai mu, a nan za ku zo ku ci tuwon suna.”