Inda Yatsu Suka Sauka

Tun da hawan jini ya taɓa wa Baba hannun dama, hannun ya tare a aljihu. Likitar da ke masa gashi ta ce bai mutu ba, amma in aka bar shi ba motsi, to sai yadda Allah ya yi. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana biyu ƙwallon ya yi a hannunsa, rana ta uku na tsinto shi a ƙarƙashin gado.

Ni ce auta, sana'ata gyaran waya da rediyo, kuma ni na kawo shawarar. Baba ya shekara ashirin yana riƙe da shagon gem, irin injinan nan na da masu tsayin mutum, sanda a hagu, maɓallai shida a dama. Shi ke gyara su, shi ke lallasa duk wanda ya shigo da cika baki. Na ce a haɗa masa allo irin wannan a gida, a jona da talabijin. Wanda ya ƙi matsa ƙwallo don likita, ƙila ya danna maɓalli don kada a ci shi.

Kuskurena na farko, na gaya wa Yaya. Sana'arsa zanen allunan shaguna, kuma mutum ne da in ka ba shi ajiyar cokali, da fure a jiki zai dawo maka da shi. Ya ce in bar masa katako, ni in ji da wayoyi. Sati uku ya yi yana abu ɗaya. Ya yanka allon kamar fikafikan tsuntsu, ya shafa masa baƙin fenti, ya rufe shi da gilashin roba mai sheƙi. Maɓallan ya jera su a da'ira, kowanne da fitilarsa, sandar kuwa ya kora ta can ƙarshen fiffike don kada ta rufe masa zane. Na so in yi magana, amma tsakani da Allah ni ma abin ya tafi da ni. Na jona wayoyi, na danna maɓallan da yatsa ɗaya, bi da bi, ina tsaye. Duk suka amsa, na ce aiki ya yi kyau.

Da muka kai masa, Baba ya daɗe yana kallo. Can ya zaro hannun a hankali ya ɗora. Wasan faɗa muka sa masa, 'yan dambe biyu a talabijin. Tafinsa ya rasa wurin zama, don Yaya ya yanke gaban allon ya yi masa lanƙwasa. Yatsun sai zamewa suke a kan gilashi. In ya nemi naushi, hauri ke fitowa, wani lokacin ma ba abin da ke fitowa. Sau uku ana kayar da nasa ɗan damben, sannan ya mayar da hannu aljihu.

"Ya yi kyau ƙwarai, Allah ya yi muku albarka," in ji shi. "Ku kai wa mai hannu."

Mun zo tayar da hannu, mun ɓuge da ba shi shaidar cewa ya mutu. Kwana huɗu allon na jingine a bayan ƙofa. Baba ya ƙi komawa wajen gashi, ya ce wa Mama a daina wahalar da mutane a kansa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san halinsa, in ya rufe magana ta rufu.

Rana ta biyar na ɗauko allon na zauna na buga da kaina, abin da ya kamata in yi tun farko. Da hannuna mai lafiya aka yi min dukan kawo wuƙa. Cikin minti biyar wuyan hannuna ya sage. Na ruga na gaya wa Baba, ya ce lallashi ne, ni da ma ban taɓa iya gem ba. Wannan kuwa gaskiya ce.

Sai na kira Yaya, don shi a shagon ya tashi, a hannun Baba ya koya. Na ce masa laifin allon ne. Ya ce ni ban san kyau ba, da an bar ni murfin akwati zan huda wa Baba. Na ce na ji, ya zo ya buga a gaban Baba, in ya ci turmi ɗaya tak zan ba shi haƙuri. Ya iso da rawar jiki, har da naɗe hannun riga.

Turmin farko bai kai minti ba aka shimfiɗe shi. Ya ce sandar ce sabuwa. A na biyu ya miƙe tsaye, a na uku ya karkata allon ya tokare shi da gwiwa. Fitilu na ta walwali, ɗan dambensa na ta naushin iska. Baba da farko ya kawar da kai, wai rediyo yake saurare. Sai na ga ya gyara zama, sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Ashe dariya yake, irin wadda rabon mu ji ta tun kafin asibiti.

Ya ce a miƙo masa allon. Ya shafa da'irar da hagu, ya tambayi wanda ya huda. Yaya ya ce shi ne.

"Yatsun wa ka auna?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Baba ya ce a shagonsa ba a taɓa huda katako ba sai an ɗora hannu a kwali. Mutum ya saki hannunsa yadda ya ga dama, a zagaye inda kan kowane yatsa ya sauka, nan maɓalli zai zauna, uku a sama, uku a ƙasa. A bar wa tafi wurin hutawa a gaba. Ado kuwa sai in fili ya rage. Ya ce sau nawa aka yi haka a gaban Yaya, amma idonsa na kan gwangwanin fenti.

A ba Yaya haƙƙinsa, bai yi musu ba. Ya goge gumi ya ce a ba shi kwali. Na yago murfin wani katan, na miƙa masa fensir, sannan na tsaya sototo, na rasa ta inda zan roƙi Baba. Ban kai ga buɗe baki ba ya zaro hannun da kansa ya shimfiɗa a kan kwalin. Wani sanyi ya ratsa min zuciya.

Yatsa na farko da na tsakiya suka sauka daidai. Na ukun ya lanƙwashe, ya tsaya a baya. Yaya ya zagaye biyun, ya ɗaga fensir ya tambaya ko shi ma a zana shi inda ya tsaya. Baba ya kalli yatsan na ɗan lokaci.

"A'a, matsar da nasa gaba, kusa da 'yan'uwansa," in ji shi. "Zai iso."