Maganar Ya'u da Maganar Makaɗi

Ɗan'azumi ne ya ƙone injin raken Muhammadu Sani, ko da yake hannunsa bai taɓa ashana ba. Da baki ya yi, da rana tsaka, a gaban mutanen gari, kuma ya nemi ya ɗora wa malaminsa laifin.

Malamin shi ne Malam Auwalu, mutumin Hunkuyi. An turo shi Gidan Mamuda, wani ƙauye a bayan Furana, ya koya wa manya karatu a ajin Yaƙi da Jahilci, shekara ta biyu da samun mulkin kai. Ɗalibansa magidanta ne, su goma sha tara. Bayan la'asar suke taruwa a gindin tsamiya, kowa a gajiye daga matsar rake. Littafin da aka ba shi sun bi shi har sun haddace, ba karatu suke yi ba, rerawa suke. Shi kansa ya gaji da jinsa. Sai ya yi shawara ya rubuta musu wani abu nasu na gida, su yi wasan kwaikwayo da shi ranar da za a raba takardun shaida.

Ya samu labarin wurin Indo, wata tsohuwa mai daddawa. A zamanin kakanni, cikin wata shekarar yunwa, Sarkin Noma Mamuda, wanda garin ya ci sunansa, ya buɗe rumbun da jama'a suka tara irin shuka ya sayar wa fatake. Wani maƙeri, Ya'u, ya tare shi a bakin rafi ya sare shi da gatari. Aka kawo gawa dandali, mutum biyu suka yi magana a kanta. Ya'u ne ya fara. Bai musa ba. Ya ce a je a duba rumbu, ya faɗi ranar da fataken suka zo da hanyar da suka bi, ya ce bana babu mai shuka. Har wasu cikin jama'a suka fara cewa ya yi gaskiya. Sai makaɗin Sarkin Noma ya miƙe. Bai ambaci rumbu ko sau ɗaya ba. Ya buɗe tafin hannun gawar ya nuna kantar garma, ya riƙa kiran mutane ɗaya ɗaya yana tambayarsu wa ya nome musu gona shekarar da suka kwanta ciwo. Kafin azahar an kashe Ya'u da jifa.

Malam Auwalu ya rubuta maganganun biyu da hannunsa. Ta Ya'u doguwa ce, sai ya miƙa wa Muhammadu Sani, don shi ya fi kowa iya karatu. Sani ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "To, Malam." Ɗalibai suka dubi juna. Malam bai lura ba.

Ta makaɗi kuwa Ɗan'azumi ya roƙa. Shi dillalin mazarƙwaila ne, shekara biyu yana zuwa aji bai iya rubuta sunansa ba, amma abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Da can shi ke sayar wa Sani kayansa a kasuwar Maƙarfi. Tun da Sani ya iya rubutu sai ya riƙa aika wa masu saye wasiƙa da kansa, ya daina neman dillali. Wannan abu yana cin Ɗan'azumi, kuma duk garin sun sani, ban da Malam.

Wata rana bayan an gwada wasan, Malam ya tambaye su, "A cikin maganganun nan biyu, wacce ta fi ƙarfi?"

"Ta makaɗi mana," in ji Ɗan'azumi. "Ai shi aka bi."

"Bin sa da aka yi bai mai da shi mai gaskiya ba. Ya'u ya kawo hujja. Rumbu a buɗe, an ga fatake, iri babu. Makaɗi me ya kawo? Hannun gawa."

"Allah gafarta Malam, ƙarfi ka ce, ba ka ce gaskiya ba. Shekara ashirin ina kasuwa, ban taɓa sayar da mazarƙwaila da hujja ba. Ɓantara nake in sa wa mutum a baki."

Aka yi dariya. Zainulabidin tela, wanda ya girme su duka, ya ce, "Kai da har yau alli ke gudunka, kai ne za ka koya wa Malam magana?"

"Baba, alli ya guje ni, amma harshe bai guje ni ba."

Malam ya tsawata musu. Ya ce mai hankali hujja yake bi, kuma dalilin da ya sa ake koyon karatu ke nan, don kada mai zaƙin baki ya ja mutum kamar akuya. Ya juya ga Sani ya ce, "Kai fa?"

"Malam, ni dai abin da aka rubuta nake karantawa."

Ranar raba takardu aka taru da hantsi. Dagaci ya zo, wani ma'aikaci ya zo daga Ikara a kan keke. Aka lulluɓe damin kara da farin ƙyalle a matsayin gawa. Sani ya tsaya ya karanta maganar Ya'u tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba, bai ɗaga kai ba. Dattawa suka sunkuyar da kai. Malam ya ji daɗi, yana zaton karatun ne ya burge su.

Ɗan'azumi ya fito babu takarda. Ya durƙusa gaban damin, ya sa kuka na gaske, da hawaye. Da fari ya bi abin da aka koya masa. Daga nan ya fara kiran mutanen da ke zaune, yana haɗa su da sunayen kakanninsu, yana tambayar wa ya nome musu gona. Mata suka fara sheshsheƙa a bayan dangar dagaci. Sai ya miƙe ya nuna Sani.

"Wanda ya kashe shi ya tafi, amma ga jikansa tsaye. Yanzu da bakinsa ya ce muku Sarkin Noma ɓarawo ne, a gaban baƙo, har da takarda. Fadamar Sarkin Noma yau tana hannun wa? Ga hayaƙin injinsa can, ku duba!"

Ƙarya ce. Uban Sani ne ya sare fadamar nan tana daji, kuma akwai masu rai da suka gani.

Malam Auwalu ya zabura yana ɗaga takarda. "Wannan ba ya ciki! Jama'a, ba ya cikin takarda!"

Babu wanda ya waiwaye shi. Samari suka kwasa zuwa fadama, magidanta suka bi baya. Rumfar injin cike take da busasshen ɓawon rake da ake hura wuta da shi. Samari suka cinna mata wuta. Sani ya isa ya yanke igiyar dokin da ke juya injin, abin da ya iya tsira da shi ke nan. Kafin azahar babu rumfa, tukwanen dahuwa sun fashe, ƙarfen injin ya lanƙwashe.

Da aka kai ƙara wurin alƙali a Ikara, Ɗan'azumi ya rantse cewa abin da Malam ya koya masa shi ya faɗa, bai ƙara ko kalma ba. Dagaci ya kira Malam zaure ya ce masa, "Malam, ka ce takardar ta ɓata. A bar shi a tsautsayi, mu sasanta a gida. In ka fito da ita za a ga kai ka tono labarin, a rufe ajin. Ka sani dai."

Ya sani. Ya fito daga zauren, ya biya gidan Indo.

"Iya, me ya sa ba ki gaya mini Sani jikan Ya'u ba ne?"

Ba ta daina tsintar kalwa ba. "Ka ce in ba ka labari, na ba ka. Ba ka ce in nuna maka gidaje ba. Wannan magana ba a yin ta da baƙo, ɗana."

Ya samu Sani a fadama yana tsince ƙusoshi daga cikin toka. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, babu mai kallon wani.

Malam ya ce, "Da ka ce mini a'a."

"Malam ya miƙo mini takarda a gaban mutane, in ce a'a?" Ya jefa ƙusa a aljihu. "Kuma tun ina yaro maganar makaɗi nake ji, ita ake maimaitawa. Na so ko sau ɗaya a ji ta kakana har ƙarshenta."

Malam ya yi masa sallama. Ya koma masaukinsa ya ciro takardar daga cikin gafaka.

A kotu Ɗan'azumi ya sake yin kuka. Ya ce shi talaka ne jahili, mai 'ya'ya bakwai, ya je neman ilimi a bakin tsufa, an sa masa magana a baki ya haɗiye. Har ɗan dokan da ke bakin ƙofa ya girgiza kai don tausayi. Malam ya duba fuskokin mutane ya ga irin abin da ya gani a dandali.

Alƙali ya bari Ɗan'azumi ya gama. Ya ce, "Malam, kana da takardar?"

"Ina da ita, Allah ya gafarta malam."

Aka ba magatakarda ya karanta maganar makaɗi. Babu fadama a ciki, babu jika, babu inji. Alƙali ya kira Zainulabidin tela da ma'aikacin Ikara, kowanne ya faɗi abin da kunnensa ya ji. Sannan ya dubi Malam.

"Wa ya sa ka rubuta wannan labari?"

"Ni na sa kaina. Ban tambayi kowa ba, ban san gidajen garin ba. Wannan laifina ne. Na kuma gaya musu a aji cewa maganar Ya'u ta fi ƙarfi, na yi kuskure, ta makaɗi ta fi. Amma abin da Ɗan'azumi ya faɗa a kan Sani ba ni na ba shi ba, daga cikinsa ya fito."

Aka rufe ajin a makon nan. Takardun shaida suka koma Ikara a cikin jakar ma'aikacin, ba a raba ba. Malam Auwalu ya ɗaure allonsa a bayan keke ya koma Hunkuyi. Sani ya sayar da fadama, ya ja dokinsa da iyalinsa zuwa Kudan, yana matsa wa wani rake.

Samari huɗu da aka gani da wuta aka ɗaure su wata uku uku. Ɗan'azumi aka yi masa bulala goma sha biyu a bakin kasuwar Ikara, aka ɗaure shi wata tara.