Dalolin Kaka Raliatou

Balkisa ta san an yi ɓarna tun kafin Monsieur Delorme ya buɗe baki. Tsohon ya ɗora gilashinsa mai ƙara girman abu a kan dalar farko, ya juya ta, sannan ya ture akwatin gefe da yatsa ɗaya kamar wanda aka kawo wa tuwon jiya.

Dalolin azurfa ne na Faransa, tsofaffi, na kakarta Raliatou ta Damagaram. Da tsohuwar ta rasu, Inna ta ba ƙanen Balkisa, Isufu, ya taho da su. Shi yana Villeurbanne, gefen Lyon, yana karatun kimiyyar haɗa sinadarai, ita tana Sevran tana aiki a Paris. Hotunan da ya turo mata ta kai wa Delorme, shugaban wata ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi. Mutumin ya ga baƙin da ya kwanta a jikinsu, ya ga wata da ya ce samun irinta sai an tona, nan take ya yi alkawarin saka su a baje-kolinsu da sunan Kaka da hotonta a gefe. Abin da Balkisa ke so ke nan. Ba sayarwa za ta yi ba, so take a karanta sunan matar nan a tsakiyar Paris.

Ga shi akwatin ya iso, ta kawo shi ko buɗewa ba ta yi ba, daloli sun fito fari fat.

"Madame, wa ya tsoma su a produit, ruwan sinadarin nan?" in ji Delorme. "Ruwa zalla da mun yafe. Wannan kuwa an cinye patine ɗin, baƙin tsufan nan, an cinye fatar azurfar da ita. Babu mai tara kuɗi da zai dube su sau biyu. Ba zan saka su ba."

Ta roƙe shi, abin da ba ta saba ba. Ta ce sunan fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce su kuɗi suke nunawa. Ranta ya ɓaci, ta rufe akwatin. Ko gida ba ta biya ba, ta wuce tasha ta hau jirgin ƙasan Lyon, tana tafe tana shirya zagin da za ta sauke wa yaron nan mai kai kamar kwano.

Ta same shi a ɗakinsa na ɗalibai yana dafa taliya. Ya washe baki zai fara gaisuwa, ta dire akwatin a kan tebur.

"Riƙe gaisuwarka. Mi ka yi musu?"

"Wankewa na yi, Yaya. A labo, ɗakin gwajinmu. Kin ga yadda sunka yi kyau?"

"Kyau? An kore ni da su! Wa ya aike ka? Don ka iya haɗa ruwan kwalba sai ka ga komi na duniya tukunya ne?"

Isufu ya kashe wuta. Shi ma jinin gidan ne, ba a taka shi ya yi shiru.

"Attends. Ke kin taɓa ganin an fidda azurfa gaban baƙi da dauɗa? Duk jajibirin Salla Kaka na zama da toka da lemun tsami, ta goge su ɗaya ɗaya har su ɗauki ido. Ni ka riƙe mata ƙwarya. In aika kayanta Paris baƙi ƙirin, a sa sunanta a gefe, a ce ƙazama ce?"

"Su baƙin suke so, wawa!"

"To sai su so. Kin san yaushe baƙin ya hau? Tun da hannunta ya mutu ta kwanta. Babu wanda ya ƙara goge mata. Abin da Baturenki ka kira patine, shekarun jinyarta ne. Shi za ki rataya a bango?"

Maganar ta soke ta, kuma hakan ya ƙara mata haushi, don babu abin da ya fi ciwo irin ƙaninka ya yi maka ɓarna ya kuma zo da hujja. Ta ce masa toka daban, guba daban. Ta ce Kaka ta yi shekara da shekaru tana gogewa ba ta kashe su ba, shi ya kashe su a yini guda. Ya ce mai gilashin ai ko tokar ma da ya gani sai ya yi tsaki. Suka yi ta yi har maƙwabcinsa ya buga bango.

Balkisa ta zauna a bakin gado tana huci. Ta ɗauki dala ɗaya, ba tare da tunani ba ta kai ta hanci, yadda take yi tun tana yarinya in Kaka ta kwance ƙullinta. Da can ƙamshin humra ne da hayaƙin turaren wuta, da ɗan warin goro. Yanzu ba ta ji komai ba. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. Ƙarfe ne kawai mai sanyi.

Sai ta tuna da ƙyallen. Wani yankin tsohon zane ne mai shuɗi, wanda Kaka ke ƙulle su a ciki ta tura ƙarƙashin matashi. Shi ya sha humrar nan fiye da dalolin ma. Delorme ya riƙe baje-kolinsa, in dai wannan yana nan.

"Isufu," ta ce, muryarta ta sauka. "Ina ƙyallen da Inna ta naɗo su a ciki?"

Ya dube ta, ya dubi akwatin mai kyau da ya saya da kuɗinsa, mai laushin ciki, kowace dala da gurbinta.

"Wannan tsumman?" ya ce a hankali. "Yaya, ai duk ya yi maiƙo. Na sa shi a poubelle, cikin shara."