Haƙora Huɗu Da Suka Ƙi Haske

Aminina ya shekara talatin yana narka ƙarfe a masana'anta, kuma da abu biyu yake taƙama: ba a yin kuskure a gabansa ya yi shiru, sannan haƙoransa duk nasa ne. Na farkon gaskiya ne. Haƙoransa huɗu na gaba kuwa na roba ne. Na ainihin sun zube ranar da ya faɗo daga tsanin da matarsa ta hana shi hawa, ya yi maza ya toshe giɓin kafin ta dawo daga jinyar yayarta. Shekara shida ba ta sani ba.

Wata rana da hantsi na raka shi da matarsa garejin surukinsu, mai gyaran na'urar sanyin mota. Ya shigar da mu ɗakin kayan aiki, ya ja ƙofa, ya kunna wata 'yar fitila mai shuɗin haske. Ya haska bututun da ya zuba wa rini, sai ga inda yake yoyo yana ƙyalli kore shar. Ya ce rinin ne ke shan hasken da ido ba ya gani, ya mayar da wanda ake gani. Har haƙorin mutum yana yi, in ji shi, amma roba mai araha ba ta yi. Matar ta yi dariya, bakinta ya ɗauki haske fat kamar alli.

Aminina ya datse leɓe. Tun da na san shi ban taɓa jin shirunsa ba sai ranar.

Surukin ya ce Turawa na kiran abin fuloresans, daga sunan wani dutse mai irin wannan ƙyalli. Shi kuma dutsen daga kalmar kwarara ya samo suna, don masu narka ƙarfe na jefa shi a wuta. Sai ya ƙara nasa gishirin: wai don ƙarfe ya yi sheƙi ake jefawa.

Na ji numfashin aminina ya canja. Na taka masa ƙafa. Amma hali zanen dutse ne.

"Kai yaro, wane sheƙi? Don dattin ƙarfe ya narke ya kwarara ake sa shi!"

Bakinsa ya haska hagu da dama, tsakiya duhu ƙirin. Baki dai shi ke yanka wuya.

"Malam," in ji matar a hankali, "waɗannan huɗun na waye?"

"Bari in gama da yaron nan tukuna."

Ya kama bayanin narka ƙarfe tun daga hura wuta, yana jan kowace magana kamar danƙo. Ita kuwa ta jawo tsohuwar taya ta zauna a bakin ƙofa, ta ce ya bi a sannu, yau ba ta ɗora komai a wuta ba.