Sakan Arba'in na Kyamara ta Biyu

Ɗakin da nake aiki ba shi da taga. Teburi ne ɗaya, allon kwamfuta biyu, da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta san ragi ba, shi ya sa kullum akwai tsohuwar rigar sanyi a rataye a bayan kujerata. Aikina tace shirye-shirye. A kawo mini abin da aka ɗauka a situdiyo, in yanke tari da in'ina da inda baƙo ya manta abin da zai ce, in haɗa sauran kamar ba a taɓa yin kuskure ba. Aikin ya dace da ni. Mutanen duk a allo suke, in sun dame ni sai in tsayar da su.

Ranar Litinin manajan shirye-shirye ya leƙo, bai shigo ba.

"Shirye-shirye huɗun nan na Ƙarfe Takwas da ba su fita ba, ki cire shi daga ciki."

"In cire me, ranka ya daɗe?"

"Shi. Fuskarsa da muryarsa. Baƙin sun riga sun zo sun yi magana, ba za mu zubar da hirarsu ba. Ki bar amsoshin, tambayoyin a rubuta su a ƙasan allo." Ya ɗan sosa ƙeya. "Na san yadda kuke da shi. Ba ni da wani mai tacewa ne."

Ƙarfe Takwas shi ne sunan da kowa ke kiran babban mai gabatar da shirin gidan talabijin ɗinmu, saboda shekara goma sha tara ke nan da ƙarfe takwas yake fitowa. A kan titi direbobi suna danna masa hon. A gida kuwa Kawu ne, yayan Mama uwa ɗaya uba ɗaya. A sashen baya na gidansa muke zaune ni da Mama tun rasuwar Baba, kuma da hannunsa ya kai takarduna tashar bayan na gama jami'a.

Sati biyu ke nan da aka dakatar da shi. Anti mai sauti, matar da ke maƙala wa masu magana makirufo a riga, ta kai ƙara cewa ya wanke ta da mari a situdiyo. Shi kuma ya ce allurar makirufon ce ta soke shi, ya ture hannunta kawai. Mutum biyar ne a wurin, kuma duk biyar ɗin sun ce aikinsu suke kallo. An sa ranar Alhamis kwamitin ladabtarwa zai yanke hukunci.

Na fara cire shi. Aiki ne mai wuya, don Kawu ba ya barin baƙo ya ƙarasa magana, sai ya sa baki da "to", da "haka ne", da dariyar nan tasa mai cika ɗaki. Na yini ina tsince shi daga bakin mutane.

Ranar Talata na buɗe shiri na uku. Mai kyamara ta biyu, wanda muke kira Dogo, yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi: ba ya jiran a ce a fara. Wai ya taɓa rasa farkon wata hira, tun daga nan yake kunna kyamararsa da wuri, ni kuma in yi ta yanke sharar da ya kwaso. Na ja hoton baya don in yanke, sai hannuna ya tsaya.

Sakan arba'in ne. Kawu na zaune yana duba takarda. Anti ta sunkuya tana gyara masa makirufo. Ya ce, "Ke, hannunki warin albasa yake." Ta ce, "Yi haƙuri, yallaɓai, saura kaɗan." Ya ɗago ya dube ta, ya ajiye takardar a hankali, sannan ya zuba mata mari a kunnen hagu. Ba turewa ba ce. Ta faɗi ta fita daga hoton. Ya gyara wuyan rigarsa, ya kalli kyamara ta ɗaya, ya saki murmushin da Mama ke cewa irin na kakanmu ne.

Na kalla sau shida. Na tashi na murza mukulli, duk da ba mai shigowa ɗakin. Katin kyamara ana goge shi da zarar an juye mini hotuna, ƙa'ida ce. Ke nan duk duniya a kwamfutata kaɗai abin yake.

Da yamma na tarar da Kawu a harabar gida yana ba furanni ruwa, sanye da doguwar riga ta zaman gida. Ban taɓa ganinsa a gida a irin wannan lokaci ba.

"Shiru-shiru," ya ce. Sunan da ya sa mini ke nan tun ina yarinya. "An ce ke aka ba aikin yanka ni."

"Eh, Kawu."

"Ki yanka da kyau, kada ki ba ni kunya." Ya yi dariya, ya karkata tiyon zuwa wata tukunyar. "Kin kai na uku?"

Na ce na kai.

"Dogo da hannunsa mai ƙaiƙayi. Me na koya miki a kan abin da aka ɗauka kafin a ce a fara?"

"Ba shiri ba ne."

"To me ake yi da shi?"

"Gogewa ake yi."

"Yauwa, 'yar albarka. Ki ce wa uwarki gobe mai gyaran famfo zai zo ya duba muku banɗaki."

Washegari na haɗu da Anti a wurin wanke hannu na mata. Auduga ce a kunnenta na hagu, kuma in za ta saurare ka sai ta karkato kai gefe guda. An mayar da ita ɗakin ajiyar wayoyi, tunda mai sauti da kunne ɗaya ba ya zama a situdiyo.

"'Yata, ya sanyi? Har yanzu kina cikin firjin nan naki?"

"Ina ciki, Anti. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ai na samu riba. In maigida ya fara mita sai in juya masa na hagu, ya yi ta yi." Ta yi dariya ita kaɗai, tana goge hannu da gefen mayafi. Har ta kai ƙofa ta tsaya. "Lokacin da nake ƙasa na ga jar fitilar kyamara ta biyu a kunne. Ban gaya wa kwamiti ba."

"Me ya sa?"

"Na san wurin wa hoton ke zuwa, na kuma san a gidan wa kike kwana. Ina da 'ya sa'arki." Ta buɗe ƙofa. "Ban ce ki yi komai ba fa. Na faɗa ne don ya daina nuƙurƙusata."

Da ta roƙe ni, ina jin da na iya ba ta haƙuri. Na koma ɗaki na zauna, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa har yatsan ya yi sanyi. Daga baya na juye sakan arba'in ɗin a ɗan filas na kwamfuta, na hau bene zuwa ofishin shugabar ma'aikata, wadda ita ce ke jagorantar kwamitin. Sau biyu ina wuce ƙofarta kamar mai neman wani ofishin.

Ta kalla sau ɗaya, ta cire tabarau ta ajiye.

"Kin san abin da kika kawo?"

Na gyaɗa kai. "Don Allah kada a ce ni ce."

"Ba sai an ce ba. Za mu rubuta cewa daga kyamara ta biyu ya fito. Ai gaskiya ce."

Na ji daɗin wannan magana. Har godiya na yi mata. Ban tsaya na tambayi kaina wa mutane ke tunawa in an ce kyamara ta biyu ba.

Ranar Alhamis Kawu ya shiga ɗakin taro da lauyansa yana gaisa da masu gadi, ya fito bayan minti ashirin ba tare da ya kalli kowa ba. Ranar Juma'a aka liƙa sanarwa layi uku a allon ma'aikata: an sallame shi daga aiki saboda cin zarafin abokiyar aiki. Aka sauke babban hotonsa na wurin karɓar baƙi, ya bar wani fili mai haske a bango. Mutanen nan da suka ce aikinsu suke kallo suka fara cewa dama sun san za a yi haka.

Kafin azahar masoyan Kawu sun samo lambar Dogo sun watsa a intanet. Wayarsa ta yi ta ƙara har ya kashe ta. Da ya fita cin abinci ya tarar an farke tayoyin babur ɗinsa biyu. Wajen la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya sunkuyo da kai ya shigo, ya tsaya yana kallon allon da baƙo ke amsa tambayar da ba mai yi masa.

"Kin iya aiki," ya ce. "Kamar ba a taɓa haihuwarsa ba."

Na tsayar da hoton.

"Matata ta kwashe yara ta tafi gidan yayarta. Wani ya kira ta ya faɗa mata sunan makarantarsu." Ya shafa fuska. "Katina an goge shi tun ranar, ke ma kin sani. Ni ban ce wa kowa komai ba, kuma ba zan ce ba. Amma ƙanwata, ki san yadda za ki yi da ni."

Ranar Asabar da hantsi Kawu ya aiko a kira mu. Falonsa ya canza. An ture kujeru gefe, an kafa fitilu biyu masu ƙafa, an rataya shuɗin labule a bango. Matarsa na zaune ta yi tagumi. Mama ta zauna kusa da ni a doguwar kujera, idonta a kumbure.

"Sun ɗauka tashar ce ta yi ni," Kawu ya ce, yana kai da komo. "Ni na yi tashar. Daga wannan falon zan ci gaba, a intanet, ƙarfe takwas daidai. Shiru-shiru, ranar Litinin ki kai musu takardar ajiye aiki. Ke ce mai tace mini."

"Ai ba sai ka faɗa ba, Yaya," in ji Mama.

"Duk tashar, yarinyar nan kaɗai ta tsaya mini. Na ce ta goge, ta goge. Ashe wancan munafukin ya ɓoye nasa kwafin. Ni na roƙa aka ɗauke shi aiki, lokacin ko riƙe kyamara bai iya ba, sai tsawo kamar falwaya." Ya tsaya a gaban labulen. "Shirin farko a kansa ne. Sunansa, fuskarsa, unguwarsu. Mutane su san shi."

Na kalli kafet, na ƙirga furanni uku a jikinsa, sannan na ji bakina ya buɗe.

"Ba shi ba ne, Kawu."

"Me kika ce? Ɗaga murya, ba a situdiyo muke ba."

"Ba Dogo ba ne. Ni ce. Ban goge ba. Ni na kai."

Matar Kawu ta sauke hannu daga kumatunta. Kawu ya zuba mini ido, ni ma karon farko a rayuwata na ɗago na kalle shi. Sai ya kwashe da dariya, har da dafa fitila.

"Ke? Ke da in aka ba ki shayi ba sukari sai ki shanye ki ce an gode? Ke za ki hau bene ki kai ƙarata?" Ya share ƙwalla. "Ya zo ya yi miki kuka, ko? Ya ce yaransa, ya ce matarsa. Na san shi sarai."

"Wallahi Kawu, ranar Laraba na..."

Hannun Mama ya kama wuyan hannuna ta ƙarƙashin mayafi. Ta matse har farcenta ya shige fatata. Fuskarta kuwa murmushi take yi wa yayanta.

"Rabu da ita, Yaya. Tausayi ne ya yi mata yawa. Tun tana ƙarama in wani ya fasa kofi ita ke cewa ita ce."

Na juya na dube ta. Ba ta kalle ni ba, amma ta ƙara matse hannuna. Ita ta yarda ni ce. Tun kalmar farko ta yarda.

"Halin ubanta ne," Kawu ya ce. "Allah ya ji ƙansa, shi ma haka ya ƙare, kowa ya hau kansa." Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya buɗe, ya ɗora mini a cinya. "Duba cikin hotunan walimar ma'aikata ta bara, yana ciki. Ki nemo mini wanda fuskarsa ta fito sosai."

Ya koma yana daidaita fitila, yana tambayar matarsa ko labulen ya karkace. Mama ba ta sake ni ba. Hasken wayar ya fara dusashewa a cinyata, ta miƙo ɗayan hannun ta taɓa allon don kada ya mutu.