Layin da Aka Ja a Karkace

Yadin ya iso Gwadangaji ranar Laraba, naɗe a jikin bututun kwali, bayan wata biyu yana hanya. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi, girmansa bai wuce sallaya ba, kuma idan ka ɗora shi a tafin hannu sai ka rantse babu komai a kai. Yadin kabon ake ce masa. Da shi Mansura za ta lulluɓe fikafikan ƙaramin jirginta maras matuƙi, ta shafe da gam, idan ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi.

Mansura ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a Birnin Kebbi, shekara biyu ke nan tana ƙera jirgin nan a zauren gidansu da ke Gwadangaji. Wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu ta ba ta Asabar ta sama: idan jirgin ya tashi ya ɗauko hoton fadama, ya nuna inda ruwa ke ɓallewa, aikin damina nata ne. Idan bai tashi ba, akwai masu jira a bayanta. Yadin kuwa shi ke nan guda ɗaya.

Halin yadin kabon shi ne ba ya son a taɓa shi. Saƙarsa sako-sako ce; ka ja nan, can ya karkace; ka sa almakashi, zare ya fara zubewa kamar gemun masara. Ta gwada a gefe, ta ɓata faɗin yatsa uku, ta ajiye almakashin ta zuba wa yadin ido.

Mahaifinta, Malam Arzika, yana kallonta daga kan tabarma. Tela ne, ko a ce ya taɓa zama tela. Shekara arba'in yana yanka shadda a kasuwa, har masu kawo ɗinki suka koma wajen masu keken lantarki da hotuna a waya. Rabon da a kawo masa ko wando tun sallar bara waccan. Ba ya zancen, amma kowace safiya sai ya goge almakashinsa da mai.

Ya ce ta bar masa yankan. Ta ji daɗi ƙwarai, don ta san hannunsa. Ta miƙa masa takardu huɗu da ta yanke daidai siffar fikafikan, kowace da layi guda da ta ja a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa. Nufin layin shi ne zaren yadin ya kwanta a kansa, ya gitta fiffiken a karkace, don ta haka ne kawai iska ba za ta murɗe shi ba. Ta san ya kamata ta yi bayani. To amma ta ina 'ya za ta fara koya wa tela shimfiɗa yadi, telan kuma ubanta? Ta ce ya bi takardar kawai, ta tari Keke Napep ta tafi aiki.

Malam Arzika ya kashe fanka, ya rufe ƙofa, ya yanke farce, ya wanke hannu har gwiwa. Da ya ga layin sai ya yi murmushi: 'yan boko ke nan, ga lissafi, amma a ja layi a miƙe ya gagara. Shi a saninsa, shadda ba a yanka ta a karkace sai in mutum bai iya ba, ko kuma kayan ba nasa ba ne. Ya juya takardun ya daidaita su da zaren tsaye, ya bi gefuna da salatif, ya yanka ta tsakiyarsa yana riƙe da numfashi.

Da la'asar Mansura ta dawo ta tarar da yanka huɗu a jere, ko zare ɗaya bai fita ba. A gefe kuma ga ragowar yadi, dogon ƙyalle, an naɗe shi tsaf.

"Na gyara miki layin," in ji shi. "Da na bi naki, wanga duka asara za a yi."

Ta duba yankan, ta gane abin da ya faru tun kafin ya rufe baki. Sannan ta dubi fuskarsa, wadda rabon da ta gan ta haka har ta manta. Ta ce Allah Ya saka da alheri, ta ce ba ta taɓa ganin yanka irin wannan ba. Wannan ɗin gaskiya ce.

Ta haɗa fikafikan da abin da aka yanka. Ta yi ta lallashin kanta cewa idan ta tuƙa a hankali, kuma iska ta yi mata kara, zai iya jurewa na minti goma.

Ranar Asabar da hantsi suka tsaya a bakin fadama a Argungu. Alhaji Kalilu, shugaban ƙungiyar, ya zo da mutum kusan ashirin. Malam Arzika ya sha babbar rigar da ya ɗinka da hannunsa, duk wanda ya matso kusa da jirgin sai ya ji wanda ya yanka baƙin yadin.

Jirgin ya tashi lafiya, ya zaga sau ɗaya. A zagaye na biyu iska ta taso daga gulbi, dole ta ƙara masa gudu. Bakin fikafikan ya fara karkarwa, na dama ya murɗe, jirgin ya juya ya kife a cikin shinkafa. Alhaji Kalilu ya ce an yi ƙoƙari, ya ce za su neme ta, irin faɗar da kowa ya san ma'anarta. Mutane suka watse biyu-biyu.

Malam Arzika ne ya tattare rigarsa ya shiga taɓo ya ɗauko fiffiken. Ya riƙe shi ta baki biyu ya lanƙwasa, ya ƙi. Ya murɗa, ya bi hannunsa ba gardama. Duk tela ya san yadi ta kusurwa yake ba da kai, bai buƙaci a karanta masa ba. Ya daɗe a tsaye, ruwa na ɗiga daga gefen rigarsa.

"Layin ga da kinka ja, da gangan na?"

"I, Baba."

"Kuma kin gani tun ranar."

Ta sunkuyar da kai. Ta so ta ce don kada ransa ya ɓaci ne, ta ga ai ya riga ya sani.

"Shekara arba'in," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "in na ɓata aiki, maido min shi akai, a yi min hwaɗa. Ba a taɓa amsar aikina don tausai ba sai yau."

Suka shiga mota suka koma Birnin Kebbi.

Washegari da safe ta tarar da almakashinsa a kan teburinta, kusa da ragowar yadin. Shi kuma yana kan tabarmarsa a zaure, kwalbar man tana gefensa a rufe.